Ƙara wa'adin taron masu bin bashi idan kamfani ya shiga hannun kantoma

Kwana 42 ne kacal. Daga ranar da aka naɗa kantoma ya karɓi ragamar kamfanin da bashi ya yi wa katutu, iyakar abin da doka ta ba shi ke nan ya tara masu bin bashi a zaman farko, ya baje musu abin da yake niyyar yi da kamfanin, su ce sun amince ko ba su amince ba. Kafin nan ma, cikin kwana 30, dole takardar shawarwarinsa ta fita zuwa gare su. Kamfanin da lissafinsa ke kammale a kwamfuta, wannan ya wadace shi. Amma irin masana'antun da ke Dakace da gefen titin Kano a nan Zariya, masu sayen masara da waken soya daga hannun dillalai, inda wani bashin yana cikin littafin mai sito, wani kuma yana cikin kan Alhaji kawai, kwana 42 na iya ƙarewa ba a ma gama sanin su wa ke bin kamfanin ba.

Doka ta yi tanadin ƙarin lokaci ta hanya biyu: yardar masu bin bashi, ko umarnin kotu. Ta farkon ta fi sauƙi, ta fi arha, sai dai sau ɗaya ake bin ta, kuma ranar da wa'adi ya cika ta rufe ke nan. Wanda ya riƙe wannan tun ranar farko ya rage wa kansa rabin wahala.

Dokar da muke tafiya a kanta

Dokar kamfanoni ta Najeriya ce, wadda ake kira CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu ranar 7 ga Agusta, 2020, ta maye gurbin ta 1990. Babi na 18, daga sashe na 443 zuwa na 549, shi ya kawo tsarin damƙa kamfani ga kantoma. Kafin nan, kamfanin da ya kasa biyan bashi galibi abu biyu ke jiransa: banki ya turo wanda zai riƙe kadara ya sayar, ko kotu ta rushe kamfanin. Hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ta ƙara da ƙa'idojin aiki a 2022.

Daga Ingila aka ɗauko tsarin, daga Jadawalin B1 na dokarsu ta 1986 kan waɗanda suka kasa biyan bashi, wanda gyaran 2002 ya shigar. Su can mako 8 suka ba kantoma ya fitar da shawarwari, mako 10 ya nemi hukuncin masu bin bashi. Namu ya matse zuwa kwana 30 da kwana 42, a sashe na 486 da na 488. Matashin lauyan da ya haddace littattafan Ingila ya kula da wannan, don kuwa kalmomin sassan kusan iri ɗaya ne, alƙaluman ne suka bambanta.

Kotu na iya naɗa kantoma. Mai jinginar da ta hau kan ɗaukacin dukiyar kamfanin, wato banki a mafi yawan lokuta, shi ma yana iya naɗawa, haka kamfanin da kansa ko daraktocinsa. Ba kowa ake naɗawa ba, sai ƙwararren da CAC ta ba izini, irin mambobin BRIPAN, ƙungiyar ƙwararru kan farfaɗo da kamfanonin da bashi ya durƙusar. Aikinsa na farko ceto kamfanin yana kan ƙafarsa. In hakan bai yiwu ba, ya samo wa masu bin bashi abin da ya fi wanda za su samu in an rushe shi. In wannan ma ya gagara, ya sayar da dukiya ya biya masu jingina da masu fifiko, wato waɗanda doka ta sa a gaba wajen biya, irin ma'aikata.

Abin da ya sa aka ɗaure shi da kwanaki shi ne wannan: da zarar ya shiga ofis, hannun kowa ya ɗaure. Ba mai shigar da ƙara, ba mai ƙwace jingina, wanda ya ba da janareta a kan biya kaɗan-kaɗan ba zai zo ya ɗauke abinsa ba, mai fili ba zai garƙame ƙofa ba, sai da yardar kantoma ko izinin kotu. Mutumin da aka hana shi bin haƙƙinsa da kansa, ai yana da haƙƙin a saurare shi da wuri. Duk kwana ɗaya da aka ƙara, daga aljihun masu bin bashi aka ɗauko shi. Kantoman da bai ji nauyin wannan ba, roƙonsa zai fita da gadara, kuma za a gane.

Bari mu kafa misali mu tafi da shi. A ce kamfanin matsar man waken soya da haɗa abincin kaji ne a Dakace. Banki ɗaya na bin sa naira miliyan 900 da jingina a kan masana'antar, wani kamfanin ba da rance na bin sa miliyan 60 da jingina a kan tireloli biyu. Ma'aikata na bin albashin wata huɗu. Sai dillalan hatsi na Giwa, Soba da Makarfi, da masu buhuna a Sabon Gari, da masu dizal, da direbobi, jimillarsu miliyan 300, ba mai jingina ko ɗaya a cikinsu. An naɗa kantoma ranar 1 ga Yuli. A matakan da ke tafe, da kantoman muke magana.

Mataki na farko: rubuta ranakun ka manna a bango

Ranar da naɗin ya fara aiki ita ce rana ta ɗaya, ba washegarinta ba. Ba kuma ranar da ka karɓi makullai ba, ko ranar da aka buga sanarwa a jarida. Duba umarnin kotu ko hatimin da ke kan takardar naɗi. A misalinmu, rana ta 30 ta faɗa 30 ga Yuli, ta 42 kuma 11 ga Agusta. Ƙirga da Asabar da Lahadi da hutun Sallah duka. In ranar ƙarshe ta faɗa hutu, ɗauka cewa ranar aiki ta gabanta ce wa'adinka, kada ka tsaya jayayya da kalanda.

Wa'adi biyu ne, kowanne zaman kansa yake yi. Ƙara wa'adin shawarwari ba ya jan na taro, ƙara wa'adin taro ba ya jan na shawarwari. Kuma takardar gayyatar taro tare take tafiya da takardar shawarwari, sannan akwai kwanakin sanarwa da dole a ba mutane kafin zama. Saboda haka wanda ya ga ba zai iya fitar da shawarwari ranar 30 ga Yuli ba, ya sani taron 11 ga Agusta ma ya riga ya kuɓuce masa. Duka biyun zai nema a lokaci ɗaya.

Akwai na uku da ake mantawa da shi: naɗin kantoma yana ƙarewa da kansa bayan shekara ɗaya, kamar yadda sashe na 513 ya tsara, sai in kotu ta ƙara ko masu bin bashi sun yarda da ƙarin da bai wuce wata shida ba. Ɗage taron farko ba ya ƙara wa shekarar nan ko yini guda.

Saɓa wa'adi ba tare da uzuri mai ma'ana ba laifi ne a dokar, kuma a wuyan kantoma yake, ba a wuyan kamfanin ba.

Mataki na biyu: shin taron ma ya zama dole?

Kafin ka nemi ƙari, duba ko kana cikin waɗanda doka ta ɗauke wa kiran taron farko. Hali uku ne: dukiyar kamfanin za ta biya kowa cif, ko ba za ta kai ga marasa jingina su samu komai ba, ko kuma ba ceto ba kyakkyawan sakamako, sai sayar da kadara a biya masu jingina. Dole ka faɗi haka ƙarara a takardar shawarwarinka. Ko da ka faɗa, masu bin kashi 10 cikin 100 na jimillar bashin kamfanin suna iya tilasta maka ka kira taron.

Haka kuma doka ta yarda a yi ta wasiƙa abin da za a yi a zaune. In matsalarka wurin zama ce ko nisan mutane, ba rashin kammala lissafi ba, wannan ta ishe ka. Ni dai a Zariya ba na ba da shawarar a tsaya ga wasiƙa kaɗai in dillalai da manoma ne suka fi yawa. Mutumin da ya ba da tirela uku ta masara a kan amana yana so ya ga fuskar wanda kuɗinsa ke hannunsa.

Mataki na uku: yanke shawara kafin rana ta 20

Ba doka ce ta ce rana ta 20 ba, lissafin aiki ne. Banki ba ya sa hannu a reshensa na unguwar PZ. Manajan reshe zai karɓi takardarka da fara'a, ya tura sashen karɓo bashi a hedikwata, su tura wa lauyoyinsu, kafin amsa ta dawo mako biyu ya tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ka kai rana ta 27 kafin ka fara neman yarda, kusan ka zaɓi kotu ke nan ko ba ka so.

Zauna da akantanka a mako na biyu ku tambayi kanku abu ɗaya: me ya rage wanda in babu shi masu bin bashi ba za su iya yanke hukunci da idonsu a buɗe ba? Dalilan da ke da nauyi sanannu ne. Daraktoci ba su miƙo bayanin dukiya da bashin kamfanin ba, ko sun miƙo shi da ramuka. Masu kimanta injuna da gini ba su gama ba. Akwai mai son saye ko zuba jari, tattaunawa ta yi nisa, amma yana buƙatar makonni ya duba takardu. Kamfanin yana da 'yan'uwa da kuɗi ke yawo a tsakaninsu ba rubutu. Ko kuma, abin da ya fi yawa a wajenmu, ba a gama tantance masu bin bashi ba.

Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Ka buɗe littafin sito ka ga an rubuta "Alh. na Giwa, buhu 600". A ofishin akanta kuma tikitin sikeli ya nuna mota biyu ne suka shigo, nauyinsu bai kai buhu 600 ba. Ka kira Alhajin ya ce ai mota uku ce, ta ukun da daddare ta shigo sikeli ya lalace, mai gadi shaida ne. Bayan kwana biyu sai ga mutum huɗu daga ƙauye sun ce masarar tasu ce, Alhaji dillali ne kawai, su za a rubuta. Kowace irin wannan sai an zauna, an haɗa tikiti da takardar shigar kaya da saƙon banki na kuɗin da aka fara biya. In irinsu sun kai ɗari, kwana 30 ba za su isa ba, kuma ba alƙalin da zai ce ƙarya kake yi in ka nuna masa.

Dalilan da ba su da nauyi su ma sanannu ne: ayyuka sun yi wa kantoma yawa, ma'aikacinsa ya tafi hutu, ana jiran "wani babban mutum" da ya yi alkawarin kawo kuɗi ba takarda ko ɗaya. Mafi muni, a ja lokaci don a gama sayar da kadara kafin masu bin bashi su buɗe baki.

Mataki na huɗu: raba masu bin bashi gida uku

Masu jingina, da sunan kowa da abin da ya riƙe. Kada ka dogara da abin da daraktoci suka gaya maka, nemi bincike a rajistar CAC ka ga jinginar da aka yi wa rajista. Ƙaramin mai jingina da aka manta da shi ya isa ya rushe yardar da aka tara gaba ɗaya.

Masu fifiko, irin albashin ma'aikata, kuɗin fansho da aka cire ba a zuba ba, da wasu haraji.

Marasa jingina, kowa da adadin da aka tabbatar, da wanda ake jayayya a kai a gefe. Sa alama a kan bashin daraktoci da danginsu, za ka buƙace ta nan gaba.

Mataki na biyar: hanyar yarda

Sharuɗɗanta huɗu ne, ba sassauci a cikinsu. Sau ɗaya ake amfani da ita a kan kowane wa'adi. Ƙarin ba ya wuce kwana 28. Ba a amfani da ita a kan wa'adin da kotu ta riga ta ƙara. Ba a amfani da ita bayan wa'adin ya cika. A misalinmu, iyakar inda za ta kai ka shi ne 27 ga Agusta ga shawarwari, 8 ga Satumba ga taro. Lura da tsarin: ana iya farawa da yarda sannan a je kotu, amma in aka fara da kotu ba a dawowa ga yarda. Kuma tunda sau ɗaya ne, wanda ya nemi kwana 10 don kunya ya zubar da sauran 18.

Yardar wa ake nema? Kowane mai jingina, ɗaya bayan ɗaya. Shirun mai jingina ba yarda ba ne. In bankin miliyan 900 ya sa hannu, mai tirelolin miliyan 60 ya ƙi ko ya yi shiru, magana ta mutu. Sannan marasa jingina da bashinsu ya haura rabi, kuma kuɗi ake ƙirgawa, ba kawuna ba. Wanda aka aika wa bai amsa ba, ana fitar da bashinsa daga lissafin.

Ga yadda yake a alƙalumma. Marasa jingina na bin miliyan 300. Waɗanda suka amsa, bashinsu miliyan 180 ne. Masu miliyan 100 sun ce sun yarda, masu miliyan 80 sun ce a'a. Miliyan 100 cikin 180 ya haura rabi, don haka an samu yarda, duk da cewa kashi ɗaya cikin uku ne kawai na ainihin bashin. Da a ce 90 da 90 aka yi, ba a samu ba, sai an haura rabi ko da naira ɗaya.

In ka riga ka bayyana cewa marasa jingina ba za su samu komai ba, lissafin ya canza: yardar masu jingina duka ake nema, in kuma ana sa ran masu fifiko za su samu wani abu, a haɗa da masu fiye da rabin bashin fifiko cikin waɗanda suka amsa.

Yardar tana iya zuwa a rubuce ko a bayyana ta a zaman masu bin bashi. Rubutu ya fi. Takardar ta zama shafi ɗaya, Turanci a gaba, Hausa a baya, wanda ya fi sabawa da ajami a karanta masa a gaban shaida. Ta faɗi ranar naɗi, wa'adin da ake ciki, sabuwar ranar da ake nema, dalili cikin jimla uku ko huɗu, da ranar ƙarshe ta maido da amsa, wadda ya kamata ta riga cikar wa'adi da aƙalla kwana huɗu. A ƙasa a bar gurbi biyu, na yarda da ban yarda ba, da wurin suna, adadin bashi, sa hannu ko dangwale, da kwanan wata. In kamfani ne, wanda ke da ikon sa hannu a madadinsa ne zai sa, ba yaron shago ba.

Kada ka aika takarda ka zauna jira. Yuli damina ce, mutane suna gona, kuma lokacin ne suka fi buƙatar kuɗin nan don taki. Tura mutum ranar kasuwa, ya tafi da kwafi da tawadar dangwale. Tambayar da zai fi ji ita ce: "To yaro, in na sa hannu, na yafe kuɗina ke nan?" Amsar ta zama a shirye take: "A'a Baba, ko kwabo ba ku yafe ba. Kwana 28 muke roƙo mu gama haɗa lissafi, don ranar zama a kira sunanku da adadinku daidai." Kada ya ƙara da alkawarin biya, ko "in sha Allahu wata mai zuwa za ku ji alat". Alkawarin da ɗan aike ya yi a bakin rumfa zai dawo ya tsaya a gaban kantoma ranar taro.

Hoton takarda da aka turo ta WhatsApp yana da amfani don sauri, amma a bi sawu a karɓo ta asali. A buɗe rajista: wa aka aika wa, yaushe, ta wace hanya, me ya amsa. Wannan rajistar ita ce hujjarka in wani ya tashi daga baya ya ce ba a tambaye shi ba.

Abu ɗaya da nake ganin ya kamata kantoma ya yi wa kansa ko da doka ba ta tilasta ba: ya sake lissafin ba tare da bashin daraktoci da danginsu ba, ba kuma tare da bashin da ake jayayya a kai ba. In rinjayen ya tsaya a kan rancen da ƙanin shugaban kamfanin ya ce ya bayar, yardar ba ta da ƙwari, gara a tafi kotu.

Mataki na shida: hanyar kotu

Kotun ita ce Babbar Kotun Tarayya. Sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 ya keɓe mata al'amuran da suka taso daga dokar kamfanoni, don haka babbar kotun jiha da ke Zariya ba ta da hurumi, balle majistare. Mafi kusa da mu tana Kaduna, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka. In wata kotun tarayya ce ta yi naɗin, a Abuja ko Legas, can fayil ɗin yake, can za a koma.

Kantoma ne kaɗai ke da ikon shigar da wannan roƙo. Kotu ba ta da iyakar kwana 28, tana iya ƙarawa fiye da sau ɗaya, tana iya ƙarawa ko bayan wa'adi ya wuce. Wannan na ƙarshe magani ne ga wanda ya riga ya faɗi, ba tsari ba ne. Wanda ya zo bayan wa'adi abu biyu zai yi wa bayani, dalilin neman ƙari da dalilin makara, kuma alƙali na iya ɗora masa kuɗin shari'ar a aljihunsa.

Duba kalandar kotu tun ranar farko. Babbar Kotun Tarayya na tafiya dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, ban da na Kirsimeti da na Ista. A lokacin hutu, alƙalai kaɗan ke zama a wasu rassa irin Abuja, Legas da Fatakwal, kuma sai an gamsar da su cewa maganar gaggawa ce. Misalinmu na 1 ga Yuli cikin wannan ramin ya faɗa: wa'adin 11 ga Agusta tsakiyar hutu ne. Kantoman da ya lura zai shigar da roƙonsa a Kaduna cikin makonni biyun farko, ko ya tattara yarda ta kai shi 8 ga Satumba.

Ƙarfin roƙon yana cikin takardar rantsuwa, kuma kantoma da kansa ya kamata ya rantse, ba magatakardan ofishin lauya ba. Ta ƙunshi ranar naɗi da wa'adin da ke tafe, abin da aka yi daga ranar farko zuwa yau da kwanan watansa, abin da ya rage da dalilin da ya hana shi ƙarewa, sai jadawalin abin da za a yi mako-mako cikin lokacin da ake nema. A faɗi wa jinkirin zai cutar da yadda za a rage masa: ana biyan haya tun daga ranar naɗi? Ma'aikatan da ke aiki yanzu suna karɓar albashi? Akwai kuɗin da zai riƙe masana'antar har sabuwar ranar? A haɗa wasiƙun masu goyon baya, a haɗa na masu adawa ma. Ɓoye wasiƙar mai adawa ya fi wasiƙar kanta illa in ta fito. A nemi takamaimiyar rana, ba "lokacin da kotu ta ga ya dace" ba, a kuma roƙi a bar wa duk wanda abin ya shafa damar dawowa kotu ya nemi a sauya umarnin.

Tunda tsarin sabo ne a Najeriya, lauyoyi kan jawo hukunce-hukuncen waje don jan hankalin alƙali, ko da yake ba su ɗaure shi ba. Ostareliya ta tara irinsu da yawa, don wa'adinsu gajere ne, kwanakin aiki 20 a ka'ida. A shari'ar Riviera Group ta 2009, wata kotun jihar New South Wales ta jero dalilan da kotuna suka saba karɓa, ciki har da girman kasuwanci, sarƙaƙiyar rukunin kamfanoni, rashin samun littattafan kuɗi, da buƙatar lokaci don sayar da kadara cikin tsari. Kamfanin jiragen Virgin Australia ya shiga hannun kantomomi a Afrilun 2020, kotu ta ƙara musu lokaci, sai 4 ga Satumba masu bin bashi suka zauna suka amince da sayar da shi ga kamfanin zuba jari na Bain Capital. Wancan kamfani ne mai dubban ma'aikata da jirage na haya. Mai masana'anta ɗaya a Dakace da ya nemi wata biyar yana kafa hujja da shi, dariya zai ba alƙali.

Mataki na bakwai: bayan an samu

Sabuwar ranar ta zama ita ce wa'adin doka, da duk nauyin da tsohuwar ke ɗauke da shi. Sanar da kowa a rubuce cikin kwana biyu ko uku, har da waɗanda suka ce a'a, da masu hannun jari, a kuma shigar da sanarwa a CAC da fayil ɗin kotu. Kama ɗakin taro tun yanzu, kada ya zama ranar Juma'a ko ranar babbar kasuwar da yawancinsu ke ci. Tura takardar wakilci, ta wanda zai turo wani a madadinsa, tare da gayyata. A tsakiyar lokacin, fitar da ɗan rahoto ko na shafi ɗaya ne: ga abin da muka ce za mu yi, ga inda muka kai. In har za ka sake komawa kotu, wannan rahoton ne zai yi maka magana.

Wasu kan yi dabarar buɗe taro a kan lokaci da shawarwari rabi da rabi, sai a ɗage zaman. Ban ga hikimarta ba. Taron na iya amincewa da shawarwari yadda suke, ko da gyaran da kantoma ya yarda da shi, ko ya ƙi su. In ya ƙi, sai an kai wa kotu rahoto, kuma cikin abin da kotu ke iya yi har da kawo ƙarshen naɗin. Tara mutanen da suka fusata a ɗaki ɗaya ba tare da alƙalumma a hannu ba kasada ce da ta fi neman kwana 28.

In kai ne mai bin bashin da takardar ta iso wa

Ka amsa ta, ko e ko a'a. Ka ga lissafin da ke sama: wanda ya yi shiru ya miƙa wa wasu bakinsa. Masu miliyan 120 da suka ajiye takardar a aljihun babbar riga, da rabinsu sun ce a'a, da sakamakon ya juye.

Duba adadin da aka rubuta a gaban sunanka. In bai yi daidai ba, rubuta naka a gefe, ka haɗa kwafin tikitin sikeli, rasit, ko saƙon banki, ka riƙe na asali a gida. Nauyin muryarka ranar taro daidai yake da wannan adadi.

Sannan ka yi tambaya ɗaya kafin ka sa hannu: za a sayar da wani abu babba kafin taron? Kantoma yana da ikon gudanar da kamfani da sayar da dukiyarsa tun ranar farko. A Ingila, a shari'ar Transbus ta 2004, kotu ta tabbatar cewa yana iya sayarwa kafin masu bin bashi su amince da shawarwarinsa, ba sai ya nemi izinin kotu ba. Ma'ana, tsawon ƙarin da ka bayar shi ne tsawon lokacin da zai yi aiki ba ku jefa ƙuri'a ba. Ba laifi ka nemi ya rubuta cewa ba zai sayar da masana'antar ko manyan injuna ba sai ya ba ku sanarwar kwanaki. Kantoman kirki ba zai ƙi ba, in kuma ya ƙi zai faɗi dalili.

Ni a ganina, ƙarin farko na kwana 28 da aka zo da dalilinsa a fili, a ba shi. Rushe kamfani cikin gaggawa marasa jingina yake fara ci, don banki zai ɗauki nasa daga sama. Na biyu da na uku su ne abin sa ido. In ka ga wata uku sun wuce ba taro, ba rahoto, waya ba a ɗauka, doka ta ba mai bin bashi damar kai ƙorafi kotu cewa kantoma ba ya aiki da saurin da ya kamata, ko yana cutar da shi ba bisa adalci ba. Kuɗin lauya da zirga-zirgar Kaduna sun fi ƙarfin mai bin miliyan biyu shi kaɗai, don haka ku haɗu ta ƙungiyarku ta dillalai ko ta 'yan kasuwa ku ɗauki lauya ɗaya. Ku fara tara adadin bashinku a takarda guda, don in ya kai kashi 10 cikin 100 na jimillar abin da ake bin kamfanin, kuna da ikon sa kantoma ya kira taro. Ranar taron kuma ku nemi a kafa kwamitin masu bin bashi, ku sa mutum ɗaya daga cikinku wanda ya iya karanta lissafi, domin kwamitin yana da ikon kiran kantoma ya zo ya yi bayani.